Sarki da Kaura: Wa Ke da Maganar Ƙarshe a Lokacin Yaƙi

Duk ƙasar da ta shiga yaƙi sai ta amsa tambayar nan: wa ke da maganar ƙarshe, shugaban da aka damƙa wa ragamar jama'a ko jagoran mayaƙa da ke bakin daga? A lokacin zaman lafiya tambayar a kwance take, domin soja yana bariki, shugaba yana fada. Tana tashi ne ranar da aka fara kawo gawarwaki gida. A ranar soja yana da hujja mai nauyi. Shi ya san dajin, shi ya san ƙarfin abokin gaba, kuma shi da yaransa ne ke mutuwa idan umarni ya zo a karkace. Yana ganin wanda bai taɓa kwana a ramin tsaro ba bai kamata ya faɗa masa inda zai tsaya ba.

Sai dai gwanintar soja ta tsaya ne a kan yadda ake yaƙi. Dalilin yin yaƙin, da iyakarsa, da irin asarar da al'umma za ta iya ɗauka, da lokacin da ya kamata a zauna sulhu, duk hukunci ne a kan rayuka da dukiyar mutanen da yawancinsu ba sa riƙe da makami. Masanin yaƙi na Jamus, Clausewitz, ya gina littafinsa a kan cewa yaƙi hanya ce ta cim ma manufar siyasa, saboda haka manufar ce ke jan sa. Wanda zai yanke irin wannan hukunci dole ya zama mutumin da za a iya tambaya, a iya tuhuma, a iya saukewa ba tare da an zubar da jini ba. Fifikon shugaban farar hula a kan janar daga nan ya samo tushe. Yana iya kasa janar ɗin basira, amma akwai hanyar kama hannunsa, alhali mai dakaru dubu goma babu mai kama nasa sai wani mai dakarun.

Tarihin Musulunci ya taɓo wannan mas'ala tun farkonsa. Kafin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya fi son a tsaya cikin Madina a tari Ƙuraishawa, amma da ya yi shawara ya ga rinjayen sahabbai, musamman matasa, na son a fita, sai ya fita. Bayan ya sa sulke wasu suka so a koma ra'ayin farko, bai koma ba. Ya ajiye maharba hamsin a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, da umarnin kada su sauka ko an ci nasara ko an sha kashi. Da mafi yawansu suka ga kamar an gama, suka sauka neman ganima, aka zagayo ta baya, Musulmi kusan saba'in suka yi shahada, har da Hamza. Duk da haka, ayar Suratu Ali Imrana da ta umarci Annabi ya riƙa shawara da su ta sauka ne bayan wannan rashi. Malamai sun fahimci abubuwa biyu a haɗe daga nan. Shugaba ba ya yanke hukuncin yaƙi shi kaɗai a ɗaki, kuma idan an yanke, mayaƙi ba ya sauya shi don abin da idonsa ya gane masa a wannan sa'a.

Labarin Khalid bin Walid ya fi fito da lamarin fili. Bayan buɗe Makka an aike shi wurin Banu Jazima, ya kashe mutanen da suka riga suka miƙa wuya, ya kuma umarci kowa ya kashe fursunan da ke hannunsa. Abdullahi bin Umar ya ƙi, ya hana na tare da shi. Da labari ya iso, Annabi ya ɗaga hannuwa ya barranta daga abin da Khalid ya yi, sannan ya tura Ali bin Abi Ɗalib ya biya diyya. Wato laifin jagoran yaƙi bashi ne a wuyan wanda ya aike shi, kuma biyayyar ƙaramin soja tana da iyaka inda aka umarce shi da zalunci. Daga baya Halifa Umar ya sauke Khalid daga jagorancin rundunar Sham yana kan ganiyar nasara, Khalid kuma ya ci gaba da yaƙi ƙarƙashin Abu Ubaida. Ba a cika yaba wannan ɓangare na rayuwarsa yadda ake yaba nasararsa a yaƙin Yarmuk ba, alhali shi ya fi wuya.

Ƙasar Hausa ta san mas'alar da sunayenta. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi wajen 1807 da niyyar tafiya Makka, domin ya ga da yawa daga mayaƙa sun karkata ga ganima da neman sarauta. A Kano aka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan yadda mai mulki zai tafiyar da hukunci. A ɗaya ɓangaren, Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa Maradi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka riƙe tsarin tsohuwar Katsina. Sarki yana sama, ƙarƙashinsa akwai manyan 'yan majalisa huɗu, Kaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, waɗanda ke zaɓen sarki. Kaura shi ne jagoran mayaƙa. Sarki ba ya iya fita yaƙi ba tare da shi ba, shi kuma ba ya hawa gadon sarauta domin ba ɗan gidan ba ne. Tsarin ya yi aiki a zamanin sarki mai ƙarfi irin Ɗan Baskore. Bayan rasuwarsa sarakuna suka riƙa hawa suna sauka cikin ɗan lokaci, har a ƙarshen ƙarni na 19 Kaura Hasau ya zama shi ke naɗawa, shi ke tuɓewa. Cikin wannan rikici ne Sarki Mijinyawa ya bar Maradi ya koma Tasawa. Sarautar ta rabu, kuma a rabe Turawa suka same ta.

Abin da ya faru a ƙasar Tasawa a damunar 1899 yana cikin misalai mafi muni da tarihi ya ajiye na rundunar da ta kuɓuce wa masu ita. Gwamnatin Faransa ta amince a 1898 a tura ayari daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi, ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Kyaftin Julien Chanoine. An riga an san su da mugun hannu tun lokacin da suka ci ƙasar Mosi. Umarnin da aka ba su a buɗe yake, su bi ƙasar su sa ta ƙarƙashin kariyar Faransa. Kuɗi da guzurin da aka ba su ba su kai girman aikin ba. Yarjejeniyar da Faransa ta yi da Ingila ranar 14 ga Yuni 1898 ta bar wa Ingila duk abin da ke cikin mil ɗari kewaye da Sakkwato, ta tura hanyar Faransawa arewa inda rijiyoyi suka yi ƙaranci. Ayari mai ɗaruruwan 'yan bindiga da ɗaruruwan 'yan dako, ga mata da dabbobi da aka yi ta kamawa a hanya, ba shi da abin ci sai abin da ya ƙwata. Waɗanda suka sa hannu a Paris sun san haka, ko kuma ya kamata su sani.

Tun a watan Janairu 1899 aka fara da kisan mutanen Sansane Hausa a bakin kogi. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A farkon Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, suka kashe jama'a masu ɗimbin yawa, suka ƙone garin. Wani hafsan ayarin, Laftana Peteau, wanda Voulet ya kora, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun ɗan majalisa Vigné d'Octon, daga nan ta kai ga gwamnati. A watan Afrilu ministan ƙasashen mallaka, Guillain, ya ba da umarnin a bi ayarin a bincika, idan zargin ya tabbata a karɓe jagorancin. Lamarin yana da sarƙaƙiya a Paris, domin mahaifin Chanoine janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898, kuma ƙasar tana tsakiyar rikicin shari'ar hafsan soja Dreyfus, inda duk wanda ya taɓa soja ake ce masa maƙiyin ƙasa.

Laftana-Kanar Klobb aka ɗora wa aikin. Ya bi sawunsu da 'yan tsirarun sojoji da Laftana Meynier, tafiyar kusan kilomita 2,000, yana ratsa ƙonannun garuruwa da rijiyoyin da aka cika da gawa. A Koran Kalgo, kusa da Tasawa, ya tarar da ɓarnar da ba ta daɗe da aukuwa ba. Voulet ya aika masa da takarda cewa idan ya matso zai sa a harbe shi. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori, Klobb ya matso cikin kayan sarki, ya hana mutanensa harbi. Voulet ya ba da umarni, aka kashe Klobb, aka raunata Meynier. Bayan haka Voulet ya shaida wa sauran hafsoshi cewa ya fita daga Faransa, zai kafa daular kansa da bindigogin da ke hannunsa. Daular ba ta wuce kwana uku ba. Sojojinsa baƙar fata, waɗanda suka gane ba za su sake ganin gida ba, suka yi tawaye, suka kashe Chanoine ranar 16 ga Yuli, washegari aka harbe Voulet. Kaburburan da aka yi musu suna Maijirgi.

Yawanci a nan ake tsayar da labarin, a ce doka ta yi nasara a kan ɗan tawaye. Ga mutanen Tasawa da Kona da Mayahi da sauran ƙauyukan da ke wannan yanki, labarin bai tsaya nan ba. Ragowar ayarin, ƙarƙashin Laftana Pallier, ya ci gaba gabas, ya yi yaƙi a Tirmini, ya shiga Damagaram a ƙarshen watan Yulin, kuma ba a jima ba aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. Wani hafsan ayarin, Joalland, shi da Meynier suka kai tafkin Chadi, suka haɗu da sauran ayarin Faransa biyu, aka kashe Rabe, mai mulkin Borno a lokacin, a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900. Joalland da Meynier duk sun zama janar daga baya. Majalisar Faransa ta ƙi kafa kwamitin bincike da Vigné d'Octon ya nema, aka rufe maganar a 1902, aka jingina abin ga tabin hankalin da wai zafin Afirka ke jawo wa Bature. Ba a biya diyyar kowa ba. Ƙasar da aka ci ta wannan hanya kuwa an riƙe ta shekara sittin.

Wannan ya nuna cewa biyayyar soja ga gwamnati sharaɗi ne na adalci, amma ba ita kaɗai ce adalcin ba. Klobb ya mutu yana kare ikon Paris a kan hafsoshinta, kuma jarumtarsa ta gaskiya ce. Amma Paris tana amsa tambaya ne ga masu jefa ƙuri'a a Faransa. Manomin Koran Kalgo ba shi da wakili a wannan majalisa. Abin da ya girgiza jaridun Faransa shi ne Bature ya harbi Bature mai muƙami sama da nasa, kisan dubban Hausawa da Zabarmawa ya zo a baya. Saboda haka tambayar ta ninku: soja yana ƙarƙashin shugaba, shi kuma shugaban yana ƙarƙashin wa? Idan mutanen da yaƙin ke ci ba su da hanyar tuhumarsa, sarƙar umarni na iya zama lafiya lau daga sama har ƙasa alhali zalunci take ɗauka.

Ya kuma nuna cewa shugaba na iya rasa ikonsa a kan soja tun ranar da ya aike shi. Wanda ya tura runduna ba manufa bayyananna, ba guzuri, ba mai sa ido, ya riga ya ba ta izinin ta ciyar da kanta daga jikin talakawa. Kamar wanda ya saki garke cikin gonakin mutane ne da damuna, sannan ya zo yana rantsuwa bai ce su ci ba. Haƙƙin ba da umarni yana tafe da wajibai: a faɗa wa soja abin da ake so a fili, a ba shi abin aiki, a saurari gargaɗinsa, a hukunta shi idan ya ƙetare iyaka, a kuma ɗauki laifin idan umarnin ne ya ɓaci.

A ƙasashen da tsarin ya kafu, rikicin bai ɓace ba, hanyar warware shi ce ta zauna. A yaƙin Koriya Janar MacArthur ya so a faɗaɗa yaƙin zuwa cikin Sin, ya riƙa sukar manufar gwamnati a bainar jama'a. Shugaba Truman na Amurka ya sauke shi ranar 11 ga Afrilu 1951, a lokacin da janar ɗin ya fi shi farin jini nesa ba kusa ba. MacArthur ya koma gida, majalisa ta saurare shi, ba a juya tanka ko ɗaya zuwa fadar shugaban ba.

Nijar mai 'yancin kai ta rubuta ƙa'idar a takarda. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya sa shugaban ƙasa ya zama babban kwamandan askarawa, ya kuma sa shelar yaƙi da tura dakaru waje su bi ta Majalisar Dokoki. An ga wannan a aikace lokacin da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015. Cikin kwanaki majalisa ta amince a tura sojoji cikin Najeriya, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa. Matakan da suka biyo baya, hana hawa babur, takaita cinikin kifi da tattasai, da kwashe mutanen tsibiran tafkin Chadi bayan harin Karamga a watan Afrilu, duk suna da hujjar soja. Amma sun karya sana'ar dubban iyalai, kuma auna wannan asara da ribar tsaro aiki ne na wanda jama'a za su iya tambaya.

Bayan harin Inates na 10 ga Disamba 2019, inda sojoji 71 suka rasu, da na Shinagodar na 9 ga Janairu 2020, inda 89 suka rasu, Issoufou ya sauya babban hafsan hafsoshi, ya naɗa Janar Salifou Modi. Wannan ikon shugaba ne kuma an bi shi. A cikin shekarar ne kuma binciken ma'aikatar tsaro ya bankaɗo cewa an yi sama da faɗi da kuɗin sayen makamai, wajen miliyar 76 na CFA, ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Sojan da ya binne abokansa sannan ya ji wannan labari yana da dalilin ɗacin rai, kuma mulkin farar hula ya ci amanar da ke ba shi ikon ba da umarni. A watan Satumba na 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton gano gawarwakin fararen hula aƙalla 71 a kaburburan bai-ɗaya a yankin Inates, ta ɗora alhakin a kan wasu masu kayan soja. Hukumomin tsaro sun musanta. Duk da haka, kasancewar wata hukumar ƙasa ta iya tono ramukan ta faɗi abin da ta gani shi ne abin da mutanen Koran Kalgo ba su samu ba.

Sau biyar soja ya karɓi mulki a Nijar: Seyni Kountché ranar 15 ga Afrilu 1974, Ibrahim Baré Maïnassara ranar 27 ga Janairu 1996, Daouda Malam Wanké ranar 9 ga Afrilu 1999, Salou Djibo ranar 18 ga Fabrairu 2010, da Abdourahamane Tiani ranar 26 ga Yuli 2023. Kowanne ya zo da kukan da jama'a da yawa suka yarda da shi, yunwa da abincin agaji a 1974, cijewar hukumomi tsakanin Shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou a 1996, tazarcen Shugaba Tandja a 2010. Na 2023 shi ne ya faɗo kai tsaye kan mas'alar yaƙi, domin a jawabinsa na 28 ga Yuli Janar Tiani ya soki yadda gwamnatin Mohamed Bazoum ke tafiyar da tsaro, har da sakin wasu fursunoni da rashin haɗa kai da Mali da Burkina Faso. Bazoum yana ganin tattaunawa da wasu masu ɗauke da makamai wani ɓangare ne na yaƙin. Saɓani ne na gaske a kan dabara da manufa, irin wanda ya shiga tsakanin Truman da MacArthur, sai dai a Yamai Tiani, jagoran masu gadin fadar shugaban ƙasa, shi ne ya yanke shi.

Masu goyon bayan mulkin soja a lokacin yaƙi suna cewa haɗa sarauta da jagorancin yaƙi a hannu ɗaya yana kawar da jan ƙafa da katsalandan na baƙi. Akwai gaskiya a cikin saurin. Abin da ake rasawa shi ne mutum na biyu. Idan Kaura ya zama Sarki, babu wanda zai sauke Kaura ranar da dabararsa ta gaza, babu wanda zai barranta daga ɓarnar dakarunsa ya biya diyya, domin mai aikawa da wanda aka aika sun zama mutum ɗaya. Rundunar kanta tana biyan farashi, domin manyan hafsoshinta sun koma ofisoshin minista da na gwamna, kuma kowane ƙaramin hafsa ya ga hanyar da ake bi a hau. Baré ya hau da bindiga, masu gadinsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai bayan shekara uku.

A fiƙihun malaman Sunna an daɗe ana karɓar mulkin wanda ya rinjaya da ƙarfi idan ya zauna, don gudun fitinar da ta fi shi muni. Wannan rangwame ne na lalura, kuma malaman da suka yi shi ba su sauke wa mai rinjayen wajibcin shawara da adalci da tsayawa gaban alƙali ba. A Nijar ta yau an dakatar da kundin 2010, an rusa majalisar da aka zaɓa, kuma a watan Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar ƙarƙashin sabuwar takardar mulki. Yaƙi yana ci gaba a Tillaberi da Diffa da Tawa, 'yan bindiga kuma suna addabar kudancin jihar Maradi ta iyakar Najeriya. Hukunce-hukuncen da ake yankewa a kan waɗannan fagage, wa za a tura, wane ƙauye za a tasa, da wa za a yi magana, nawa za a kashe a makamai, suna nan yadda suke a da, kuma hukumar da za ta tambayi mai yanke su a madadin manomin Tasawa ko masuncin Bosso ita ce ba a riga an zaɓa ba.